Fargabar mamayar Iraƙi a Saudiyya (1990–1991)

Fargabar mamayar Iraƙi ita ce zaman ɗar-ɗar da mazauna Saudiyya suka shiga tun daga ranar 2 ga Agusta 1990, lokacin da sojojin Saddam Husaini suka mamaye Kuwait, har zuwa ƙarshen Fabrairu 1991 da aka tsagaita wuta. Tankokin Iraƙi sun tsaya dab da Lardin Gabas, inda rijiyoyin man ƙasar suke, kuma yawan sojojinta ya fi na Saudiyya nesa ba kusa ba. Har yau akwai saɓani kan ko Saddam ya yi niyyar zarcewa kudu.

Kwanakin farko

Kafofin yaɗa labarai na gwamnati sun yi gum kusan kwana uku, sai jama'a suka koma ga gidajen rediyon ƙetare da kuma abin da idonsu ya gani: motocin 'yan Kuwait cike da iyali suna kwararowa ta iyaka. Sarkin Kuwait, Jabir al-Ahmad, ya kafa gwamnatin gudun hijira a Ɗa'ifa. Bayan ganawa da sakataren tsaron Amurka Dick Cheney ranar 6 ga Agusta, Sarki Fahad na Saudiyya ya amince a kawo sojojin ƙetare. A garuruwan gabas da Riyad an riƙa neman takunkumin kare fuska daga iska mai guba, ana liƙe tagogi, don kowa ya san abin da ya sami Halabja, garin Kurdawa da sojojin Iraƙi suka yi wa ruwan iska mai guba, a 1988.

Saɓanin malamai

Kan batun kawo sojojin ƙetare ne ra'ayin jama'a ya fi rabuwa, kuma rabuwar ta daɗe fiye da yaƙin. Majalisar Manyan Malamai, da Shaihu Abdul'aziz bin Baz a cikinta, ta ba da fatawar halaccin neman taimakon waɗanda ba Musulmi ba idan larura ta kama. Taron da Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, ta kira a Makka cikin Satumba 1990 ya goyi bayan haka. Amma wasu matasan malamai sun ce an gudu ne ba a tsira ba. Safar al-Hawali na Jami'ar Ummul Ƙura da Salman al-Auda na Buraida sun yi wa'azi cewa haɗarin sojojin Yamma ya fi na Iraƙi, kuma kaset-kaset ɗinsu sun yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. Tambayar da ta fi ci wa mutane rai ita ce: ina dukiyar da aka kashe wajen sayen makamai, da har ƙasar Harami biyu ta kasa tsare kanta? Daga nan aka sami wasiƙar buƙatu ta Mayu 1991 da takardar nasiha ta 1992, waɗanda wasu malamai suka rubuta wa hukuma suna neman gyara. An tsare malaman biyu a 1994, aka sake su a 1999.

A ranar 6 ga Nuwamba 1990 mata 47 suka tuƙa mota a Riyad don nuna adawa da hana mata tuƙi da ake yi a lokacin. An kama su.

Hausawa da sauran baƙi

Hausawan Saudiyya, waɗanda ake kira Takari, akasarinsu a Makka da Madina da Jidda suke, kimanin kilomita 1,000 ko fiye daga fagen daga. Makamai masu linzami na Scud da Iraƙi ta harba sun faɗa Riyad da Zahran, ba su kai Hijaz ba. Abin da ya fi tayar da hankalin baƙo shi ne takarda. A Satumba 1990 aka janye wa 'yan Yaman gatan zama ba tare da kafili ba saboda gwamnatinsu ta ƙi mara wa Saudiyya baya a rikicin, kuma kimanin 800,000 suka bar ƙasar, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Saudiyya. Ma'aikata 'yan Sudan ma sun ɗanɗana kuɗarsu, don an ɗauki gwamnatin Umar al-Bashir a matsayin mai goyon bayan Bagadaza. Ga mai zaman iƙama (takardar izinin zama), balle wanda ba shi da ita, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin takaici ne a ce talakan da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya biya bashin siyasar shugabanni.

A gida kuwa zukata sun karkata wani wajen: a arewacin Najeriya Saddam ya yi farin jini har ana raɗa wa jarirai sunansa, alhali Nijar ta aika sojoji kusan 500 don tsare Saudiyya.

Kafji

Sau ɗaya sojojin Iraƙi suka kama wani gari a cikin ƙasar. Sun shiga Kafji, kusa da iyakar Kuwait, ranar 29 ga Janairu 1991, bayan an riga an kwashe mazaunansa, kuma sojojin Saudiyya da Ƙatar suka ƙwato shi zuwa 1 ga Fabrairu, da taimakon jiragen Amurka.