Sufirimam da infimam, me ake nufi da su?

Ku 'yan sashen lissafi na Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da kuka fara riyal analisis, wato nazarin lambobin riyal (duk lambobin da ke kan layin lamba), wannan sufirimam da ake taƙaita shi sup yana rikita mutane sosai, don kowa ya zo da tunanin ai lambar da ta fi girma ce a cikin set (tarin lambobi), wato maksimam. Wallahi akwai bambanci.

Ka ɗauki set ɗin nan: 1/2, 3/4, 7/8, 15/16, haka dai ba ƙarshe. Kamar wanda ya nufi Ƙofar Ƙaura amma kullum rabin tazarar da ta rage masa yake ci, yana ta matsowa bai isa ba. Wacce ce babba a cikinsu? Babu, duk wadda ka nuna akwai wadda ta fi ta. Amma 10 ta fi su duka, 2 ma haka, 1 ma haka, su ake kira iyakokin sama, to mafi ƙanƙantarsu wato 1 ita ce sup, kuma ka lura 1 ɗin ba ta cikin set ɗin sam.

A jarabawa abu biyu malam yake so ka nuna. Na farko ba wata lamba a set da ta wuce ta. Na biyun nan ne ake zubar da maki: duk yadda ka rage mata wani ɗan ƙaramin adadi da ya fi sifili, wanda ake kira efsilon, sai an samu ɗan set da ya haye inda ka tsaya. Sauko 0.99 ka gani, 127/128 ta riga ta wuce ka.

Infimam, da ake taƙaita shi inf, juya shi kawai za ka yi, mafi girman iyakokin ƙasa. Set ɗin 1, 1/2, 1/3, 1/4 inf ɗinsa sifili ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne a lambobin rashinal, wato waɗanda ake iya rubutawa kamar 1/2 ko 7/5, ba kullum ake samun sup ba. Tara duk rashinal da in ka ninka shi da kansa bai kai 2 ba, irin su 1.4, 1.41, 1.414, suna da iyaka a sama amma ba su da sup a cikin rashinal, don √2, wato lambar da in ka ninka ta da kanta take ba da 2, ba rashinal ba ce. A lambobin riyal kuwa duk set da ba fanko ba kuma yana da iyakar sama to yana da sup. Masanin lissafi Bolzano ya yi aiki da wannan tunani tun 1817, wani masanin Dedekind kuma ya gina lambobin riyal ɗin a 1872. Set irin 1, 2, 3 har abada shi ba shi da iyakar sama tun farko, don haka ba shi da sup a riyal.