Zaɓin Abokin Barbara a Duniyar Ƙwari: Me Ake Nufi da Shi?

Zaɓin abokin barbara magana ce ta masana halittu, kuma Charles Darwin ne ya yi mata cikakken bayani a 1871. Abin da ake nufi shi ne, akwai siffofi da ɗabi'un da ke yaɗuwa cikin zuri'a ba don suna taimaka wa mai su wajen neman abinci ko tsira daga maƙiyi ba, sai don suna sa a zaɓe shi ya hayayyafa. Kukan gyare da daddare irin wannan ne. Namiji ke goga fukafukansa yana kira, mace ta saurara ta nufi wanda ya yi mata.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa kullum namiji ke nema, mace ke zaɓa. Yunwa, zafi da maƙiyi duk suna iya juya lamarin, kuma a ganina nan ne ilimin ya fi ban sha'awa.

A yammacin Amurka akwai wata irin fara da namijinta ke bai wa mace dunƙulen abinci daga jikinsa lokacin barbara, nauyinsa ya kai kusan rubu'in nauyin namijin. Masanin halittu Darryl Gwynne ya nuna cewa inda abinci ya yi ƙaranci, mazan da ke iya wannan kyauta kaɗan ne. Sai mata su dinga rububinsu, namiji kuma ya ƙi ramammiya, ya zaɓi mai nauyi wadda ta fi ƙwai. Haka ma wani malam-buɗe-littafi na gabashin Afirka: in tsutsarsa ta girma cikin ɗumin damina, maza ke zawarci, in cikin sanyin rani ne, mata ma su shiga nema.

Lamarin gyaren tsibirin Kauai da ke Hawai ya fi tsanani. Can akwai wani ƙuda mai kunne, wanda macensa ke bin kukan gyare ta zuba masa tsutsotsinta. Su huda jikinsa, su cinye shi ta ciki, cikin kusan mako guda ya mutu. Kukan da ke kawo masa mace shi ke kawo masa ajali. A 2003 masaniyar halittu Marlene Zuk ta tarar tsibirin ya yi tsit, alhali ga gyare ko'ina. Ashe wani sauyi ne na gado ya shafe ƙirar fukafukin da ke fitar da sauti, kuma cikin zuri'o'in da ba su kai 20 ba ya mamaye fiye da kashi 90 cikin 100 na mazan.

To yaya bebe zai samu mace? Bebayen kan raɓa kusa da 'yan tsirarun da suka rage masu kuka, su tare matan da ke tahowa. Matan tsibirin ma sun sassauta, suna karɓar namijin da bai yi musu ko ƙis ba. Masu kukan kuwa su ke ɗauke da haɗarin ƙudan, kusan su kaɗai.