Me ake nufi da "tantance spek"?

Idan ka zauna da matasan da ke rubuta manhaja a Jos, ba za a jima ba ka ji wani ya ce, "Malam, an tantance spek ɗin kuwa?" Spek ita ce takardar da ke bayyana abin da ake so wani sabon ɓangare na manhaja ya yi: wa zai yi amfani da shi, me zai danna, me zai gani. Tantancewa kuwa ita ce a bi takardar jimla bayan jimla da idon mai neman aibu, tun kafin a raba aiki a yanka kwanaki da kuɗi. A wannan lokacin ba a rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, ko layi ɗaya ba. Rubutun kansa ake yi wa jarrabawa.

A ce ana gina manhajar biyan kuɗi ga dillalan tumatir na kasuwar Farin Gada, takardar ta ce, "Kuɗi su isa da sauri." Wane sauri? Mai kwando yana tsaye, direba na danna ham, shi daƙiƙa 10 ma ta yi masa yawa, injiniya kuma na iya ɗaukar minti 2 a matsayin sauri. Mai tantancewa zai ja layi a nan ya ce a sa adadi. Sai ya tambayi abin da takardar ta yi shiru a kai: in netwok ya yanke bayan an cire kuɗin mai saye, kafin alat ya shigo wa dillali, me allon zai nuna? Lambar asusu tana da alƙaluma 10, ta waya 11. In mutum ya fara lambar wayarsa da +234 maimakon sifili, za a karɓa? A ganina nan ne rabin rigimar take, domin kowa na rubuta ranar da komai ya tafi daidai, ya manta da ranar da damina ta kwashe sabis.

Akwai kuskuren da ake yi ta ɗaya ɓangaren, wato cusa sunan rumbun bayanai ko harshen kod a cikin spek. Wannan na matakin tsarawa ne. Dillali ya kamata ya gane takardar in an karanta masa.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1976 Michael Fagan na kamfanin IBM ya wallafa hanyar da ƙungiya za ta zauna ta binciki aikin manhaja kafin a wuce gaba, kuma ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan rubuta buƙatun manhaja, ISO/IEC/IEEE 29148 ta 2011, ta nemi kowace buƙata ta kasance mai ma'ana ɗaya, wadda za a iya gwadawa. Yanzu da ake miƙa wa ƙirƙirarriyar basira spek ta rubuta kod, lamarin ya ƙara damuna. Abokin aiki zai ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, ban gane nan ba." Na'urar sau da yawa cike giɓin take yi da hasashenta, ta ci gaba da gini a kai.