Waiwaye: Wa zai fito a matsayin Nkrumah?

Duk sa'ad da aka tayar da zancen mayar da tarihin Kwame Nkrumah, shugaban Ghana na farko, fim, gardamar majalisar mai shayi a unguwar Aboabo ta Kumasi kan tsaya ne a kan kama: wa ke da goshinsa, wa zai iya muryarsa. Ni kuwa a ganina rigimar ta girmi maganar fuska.

Tun yana raye littattafan da aka rubuta a kansa suka rabu gida biyu. A wasu, shi ne Osagyefo, wato mai ceto, mai sanye da fugu, rigar saƙi ta arewacin Ghana, a daren samun 'yancin kai na 6 ga Maris 1957, wanda ya gina madatsar Akosombo. A wasu kuwa, shi ne mai dokar tsare mutum ba shari'a ta 1958, wadda a ƙarƙashinta jagoran adawa J.B. Danquah ya mutu a kurkukun Nsawam a 1965. Littafin da darakta ya ɗauka shi zai zaɓa masa jarumi.

Da sojoji suka hamɓarar da shi ranar 24 ga Fabrairu 1966, an tumɓuke gunkinsa na gaban majalisa. Gunkin yana nan a dandalin tunawa da shi a Accra, gangar jiki tsaye, kan kuma an ajiye shi a gefe. Hukumar fina-finan da ya kafa a 1964 ma, an sayar da kaso 70 cikin ɗari nata ga wani kamfanin Malesiya a 1996. Shi ya sa ba mamaki Nkrumah da duniya ta fi gani a talabijin ya fito daga Ingila: Danny Sapani, a cikin shirin The Crown na 2017, inda rawar da Nkrumah ya yi da Sarauniyar Ingila a 1961 ta cinye labarin.

Mu 'yan zango muna da namu tabon. A 1957 gwamnatinsa ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran zangon Kumasi, da Alhaji Larden zuwa Najeriya, saboda suna tare da 'yan adawa. Sun garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, majalisa ta yi doka ta musamman a kansu tun kafin a yanke hukunci. Dattawanmu har gobe in sun zo nan a hira, sai murya ta yi ƙasa.

Don haka in an zo raba rawa, ni tambayata ita ce wa zai fito a Amadu Baba. Kada a naɗa wa baƙo rawani a karkace, ya buɗe baki da Hausar haya, alhali ga yaranmu masu wasan kwaikwayo nan a Sabon Zongo da Nima.