Allurar Voltaren ma tana taɓa ciki

An daɗe ana faɗa a tsakaninmu mazauna Makka da Jidda cewa ƙwayar Voltaren ce ke cin ciki, allurar kuwa ba ruwanta, tunda ba ta baki ta bi ba. Ba haka ba ne. Diklofenak, wato maganin rage zogi da ke cikin Voltaren, ta jini yake aiki. Yana rage sinadarin da ke kawo zogi da kumburi, kuma wannan sinadarin ne ke kare bangon tumbi. Don haka allurar ma haɗari ce ga mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko zuciya, da mai tsohon ciki, balle a zafin nan da ruwan jiki ke ƙarewa. Duba takardar cikin kwalin, gargaɗin yana nan har da Larabci. In bahaya ya yi baƙi ƙirin, a garzaya asibiti.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa.