Ka'idojin Bitar Gyare-gyare a Ayyukan Manhaja Masu Buɗaɗɗen Tushe

Ka'idojin bita su ne sharuɗɗan da aikin manhaja mai buɗaɗɗen tushe, wato wadda kowa ke iya ganin rubutunta ya kuma aiko da gyara, yake gindayawa kafin a shigar da gyaran da wani ya aiko cikin ainihin rubutun manhajar. Suna fayyace wanda ke da ikon amincewa, da yawan mutanen da za su duba, da abin da za a yi idan an sami saɓani. Tun a 1976 Michael Fagan na kamfanin IBM ya wallafa tsarin duba rubutun manhaja bi da bi, amma ma'aikatan kamfani guda ya yi wa tanadi. A ayyukan 'yan sa-kai kuwa, mai aiko da gyara galibi baƙo ne, mai dubawa kuma yana yi ne a ɗan lokacin da ya rage masa.

Gidauniyar Apache, wadda aka kafa a 1999 don kula da irin waɗannan ayyukan manhaja, tana da hanyoyi biyu: a duba sannan a shigar, ko a shigar sannan a duba. A ta farko ana kaɗa ƙuri'a da alamomin +1 (yarda) da 0 (ba ra'ayi) da -1 (ƙin yarda), kuma a bisa al'ada ana neman +1 guda uku ba tare da -1 ko ɗaya ba. Ƙuri'ar -1 daga mai ikon jefa ta tana dakatar da gyaran, amma sai ta zo da hujja ta fasaha, misali cewa gyaran ya buɗe ƙofar kutse. Idan ba hujja, ba ta da daraja. Akwai kuma dokar ɗaukar shiru a matsayin yarda, yawanci bayan sa'o'i 72, wadda ke hana ƙananan gyare-gyare yin kwantai.

Ƙwayar Linux, wato zuciyar manhajar Linux mai tafiyar da kwamfuta, tana bin tsarin mataki-mataki. Mai gyara yana aika shi ta imel ga mai kula da sashen da abin ya shafa, shi kuma, idan ya gamsu, ya tara shi da sauran ya miƙa gaba har ya isa ga Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux. Ana buɗe ƙofar karɓar sababbin abubuwa na kimanin mako biyu, sannan a rufe a koma gyaran kurakurai. Tun 2004 wajibi ne kowane gyara ya ɗauki layin "Signed-off-by" da sunan mai shi, shaidar cewa yana da haƙƙin bayar da shi ƙarƙashin lasisin aikin.

Dandamalin ajiye rubutun manhaja irin su GitHub, wanda ya fara aiki a 2008, sun mayar da yawancin waɗannan sharuɗɗa aikin na'ura: ana iya kulle babban reshe, wato ainihin rubutun manhajar, ta yadda babu abin da zai shiga sai gwaje-gwajen da ke gudana da kansu sun yi nasara kuma wani ya amince. A Gerrit, wani dandalin bita wanda Android da LibreOffice ke amfani da shi, +2 ce ke ba da izinin shigarwa, kuma +1 biyu ba sa zama +2.

Inda ka'idojin suka fi rauni shi ne ƙarancin masu dubawa. Kuskuren Heartbleed da aka bayyana a Afrilun 2014 ya shiga OpenSSL, manhajar da ke kare sirrin bayanai a intanet, a ƙarshen 2011, bayan mutum ɗaya ya duba gyaran bai ga matsalar ba. Lamarin xz Utils, manhajar matse fayiloli, ya fi wannan muni, domin ba kuskure ba ne. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana aiko da gyare-gyare masu amfani har aka ba shi ikon kula da aikin, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a sigogi na 5.6.0 da 5.6.1. Injiniya Andres Freund ne ya bankaɗo ta a Maris 2024, ba ta hanyar bita ba, sai don ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, tana jan lokaci fiye da kima. Sharaɗin masu dubawa biyu zai rage irin wannan haɗari, sai dai aikin da mutum ɗaya ke ɗauke da shi ba shi da na biyun da zai nema, kuma tsananta sharaɗi a irin wannan hali yakan sa gyare-gyare su taru watanni har masu aiko su su gaji su janye.