Ƙugiya mai tan 50 ba kullum take ɗaga tan 50 ba

An daɗe ana ɗauka cewa in an rubuta tan 50 a jikin motar ƙugiya, duk kayan da bai kai haka ba za ta ɗaga lafiya lau. Ina! Wannan adadin na lokacin da hannunta yake a gajarce ne, kayan kuma suna dab da gindinta. Ɗauki bokitin ruwa, ka miƙe hannu da shi ka ji. Haka ƙarfinta ke raguwa, har tankin sinadari mai tan 10 ya iya kifar da ita daga nesa. Shi ya sa gogaggen direba ke fara duba jadawalin nauyi, wato takardar da ke nuna abin da ƙugiyar za ta iya ɗagawa a kowane nisa, ya lissafa har da nauyin sarƙoƙin da za a ɗaure kayan.